Inci Biyar a Bakin Ƙofa

Ranar Alhamis aka kawo kujerar, wajen ƙarfe biyu na rana, a bayan a-kori-kura, an naɗe ta da leda an ɗaure da igiyar roba. Kushin ce mai cin mutum uku, launin ƙasa-ƙasa, mai faffaɗan hannu. Ranar Asabar kuma muna sa ran baƙi daga Kagoma: dangin saurayin 'yarmu ta fari za su zo gaisuwar farko, da dattawansu da wanda zai yi magana a madadinsu. Dominsu aka yi kujerar. Tsohuwar da ke falo ta daɗe da lotsawa, har mun saka mata katako a ƙarƙashin soso, kuma matata ta ce ba za ta tsaya tana kallon kawun surukinta ya nutse a ciki, gwiwoyinsa sun kai masa haɓa, alhali ana maganar auren 'yarta ba.

Lokacin hutun makaranta ne, tsakiyar damina, saboda haka ina gida. Kafintan da ya yi aikin ɗan ikkilisiyarmu ne, yana waƙa a kwayar coci, kuma shi da direban motar suka sauke kujerar. Na kama gefe ɗaya don kada a ce na tsaya kallo. Muka hau matakala biyu na baranda, muka nufi ƙofar falo da ita a kwance, hannunta ya daki ƙarfen ƙofa. Muka ja baya, muka kifa ta a gefenta, bayanta ya daki ƙarfen. Muka tayar da ita tsaye da niyyar mu saka kanta mu murɗa sauran, sai ta tokare da saman ƙofa tun ba ta gama miƙewa ba.

Kafinta ya ce a sauke. Ya share gumi da hularsa.

"Ticha, kujeran nan ba zai shiga ba."

"Za ta shiga. A cire mata ƙafafu."

Ya kwance ƙafafun guda huɗu, ya zuba su a aljihun wandonsa. Muka sake ɗagawa, muka sake bin duk hanyoyin da muka bi da farko, har da wata sabuwa da direban ya kawo, wadda ta ƙare da yagewar leda da ƙujewar bayan hannuna. Daga nan direban ya ce yana da buhunan citta da ke jiransa a kasuwa, ya tafi.

Sai a lokacin kafinta ya zaro tef ɗin awo. Faɗin ƙofa inci talatin. Kujerar kuwa, ta inda ta fi sirantaka, bayan an cire ƙafafu, inci talatin da biyar. Ya auna sau biyu, na karɓi tef ɗin na auna da kaina, kamar hannuna zai canza wani abu.

"Amma ai daidai da tsohuwar ka yi ta," na ce.

"Daidai da shi. Kai ka ce in auna tsohon, in yi irinsa. Na tambaye ka ƙofa, ka ce inda wancan ya shiga wannan ma zai shiga."

Haka na ce masa, ban manta ba. Na leƙa ta ƙofa na dubi tsohuwar kujerar a inda take zaune jikin bango shekara da shekaru, na dubi ƙofar, sai na tuna. Ba ta wannan ƙofar ta shiga ba.

Lokacin da na gina gidan, ƙofar falo ta katako ce mai ƙyaure biyu, faɗinta ya kai ƙafa huɗu. Ta nan aka shigo da gado da kabad da tsohuwar kujerar. Daga baya aka yi wata shekara da gari ya rikice. Ba zan tsaya ba da labarinta ba, duk wanda ya zauna a Kafanchan yana da nasa. Mu dai mun kwashe yara mun tafi ƙauye, muka yi makonni. Da muka dawo ba a taɓa gidanmu ba, amma ƙofar wani maƙwabcinmu, irin tamu sak, na same ta a ƙasa, an ɓalle ta da ƙafa kawai. A cikin satin nan na sa aka cire tawa, aka ɗora layin bulo ɗaya a kowane gefe, aka kafa ƙofar ƙarfe mai ƙyaure ɗaya da sakata uku. Tagogi duka aka saka musu rodi. Ina tuna abin da na faɗa wa mai walda da ya tambaye ni awo: na ce ya yi ta yadda mutum biyu ba za su iya shigowa tare ba.

An fi shekara goma da yin haka. A tsawon wannan lokaci ba mu sayi wani abu babba ba, kuɗin makarantar yara bai bari ba. Na saba da karkata kafaɗa idan zan shiga da jaka a hannu, har na daina sanin ina yi. Ni da nake koyar da lissafi, nake cire wa yara maki idan sun manta rubuta santimita a bayan amsa, na ba da awon kujera ban dubi hanyar da za ta bi ba.

Matata ta fito daga kicin tana goge hannu da zaninta. Kafinta ya yi mata bayani. Ta dube ni.

"Malamin lissafi."



Kafinta ya ce akwai dabara. Zai iya farke yadin bayan kujerar, ya cire kusoshi, ya raba ta gida biyu, a shigar da ita, ya sake haɗawa a ciki. Sai dai ba zai yi mana ƙarya ba, ɗinkin zai nuna, kuma katakon da aka taɓa cire wa kusa ba ya riƙewa kamar da. Tsohuwar kuwa sai an farfasa ta kafin ta fita.

"Ba za a yanka mini kujera ba," in ji matata. "Ko zama ba a yi a kai ba. A yanka ƙofa."

"Ba za a taɓa ƙofar nan ba," na ce.

Muryata ta fi yadda na yi nufi ƙarfi. Kafinta ya dubi sama, inda hadari ya fara haɗuwa ta wajen duwatsu, ya ce ko kwano za mu cire mu sauke ta daga silin kamar gurgun nan na cikin Linjila, amma babu wanda ya yi dariya. Muka tura kujerar jikin bangon baranda, muka lulluɓe ta da tampol. Ya ajiye ƙafafun a kan taga.

"Mama, Ticha, ku shirya tsakaninku. In kun gama ku kira ni."

Ruwa ya sauko kafin ƙarfe huɗu. Na kasa zama. Na fita baranda na gyara tampol, na dawo. Na ɗauki tsohuwar takardar jarrabawa, na zana ƙofa da kujera a bayanta, na yi ta juya su a kusurwa daban-daban, ko da akwai wata da kafinta bai gani ba. Na je na auna ƙofar kicin ta baya, inci ashirin da takwas. Na auna tsayin ƙofar falo, sai na tuna ni ne kuma na sa aka ɗaga dandamalin ƙasa don kada ruwa ya shigo, na rage mata tsayi da hannuna. Na sake fita na gyara tampol ɗin da ba ya bukatar gyara. Feshin ruwa na shigowa ta gefe, na cire rigata na tusa a inda ledar ta yage.

Matata na zaune a falo a kan kujerar tsugunno, da faranti a cinyarta, tana tsince tsakuwa daga accar da za a dafa wa baƙi. Sau nawa na wuce ta gabanta ban sani ba. A ƙarshe ta yi magana ba tare da ta ɗaga kai ba.

"Baban yara, wa kake jira ya zo?"

"Ba a aiko da takarda kafin a zo."

"Wancan karon ƙofa ce ta cece mu? Gudu muka yi. Da ƙafa."

"Da mun kasa gudu fa?"

"Da sun cire kwano, tunda har kafinta ya san hanyar."

Ta watsar da wata tsakuwa a cikin murfin gwangwani. Na ce mata ba ta ga ƙofar maƙwabcinmu yadda na gan ta ba. Ta ce ta gani, ita ce ma ta taya matarsa shara. Sai ta ajiye farantin.

"Bari in tambaye ka. Ranar da Ubangiji ya kira ɗayanmu, aka kawo akwati daga asibiti don a yi sujadar jana'iza a falon nan, masu ɗauka ta ina za su bi? Ko shi ma kafinta zai raba shi biyu?"

Ba ta faɗa da fushi ba. Ta ɗauki farantinta ta ci gaba da tsinta.  Ni dai abin da na sani shi ne, tun ranar da aka kafa ƙofar nan, idan na tura sakatun nan uku, wani abu yana kwanciya a ƙirjina. Ban taɓa tambayar kaina ko ƙofar tana kare gidan ne, ko ni kaɗai take lallashi ba. Kuma ko a ranar ban yarda tambayar tana da amsa ɗaya ba. Mutanen da suka ce mana komai ya wuce ba su ne za su kwana a gidan ba.

Da safiyar Juma'a mata huɗu 'yan zumuntar cocinmu suka zo taya aikin girki. Kafin in fito sun yaye tampol, uku sun zauna a kan kujerar a baranda, ba ƙafafu, kusan a ƙasa, suna ɓare tafarnuwa.

"Ticha, ina kwana. Mun zo gaishe da baƙuwar da ka hana shiga gida."

"A bar shi a nan mana. Surukai su zauna a waje su sha iska, su ga garinmu."

"In ruwa ya zo a ba su lema."

Suka yi ta dariya. Matata ba ta yi ba, ta dai ce su tashi kada su shafa mata manja. Na ga yadda ta sunkuya tana shafa hannun kujerar inda ya daki ƙarfe jiya, tana dubawa ko yadin ya ji ciwo. Wata shida ta yi tana zuwa shagon kafinta tana zaɓen yadi. Na shiga ɗaki na sa takalmi.

Shagon mai waldan yana can ƙetaren layin dogo, bayan kasuwa. Na hau acaɓa. Sai da muka shiga layin na lura cewa na daɗe ban sauka a wannan unguwa ba, wucewa kawai nake yi a cikin keke-napep idan hanya ta bi ta nan. Na same shi a tsugunne yana haɗa ƙafar baro. Bahaushe ne, ya girme ni kaɗan, gemunsa ya yi fari tun rabona da shi. Ya ɗaga baƙin gilashinsa ya dube ni.

"Ticha. Mai sakata uku."

Na yi mamakin ya tuna. Bayan gaisuwa na faɗa masa abin da ya kawo ni. Ya yi murmushi, ya ce ba ni ne na farko ba.

"Waccan shekarar ban huta ba. Na yi wa unguwarku, na yi wa unguwarmu, kuma kowa awo ɗaya yake ba ni. Tawa ma haka take. Firjin uwargida har yau a zaure yake, kullum sai an yi mini gori."

"Ba ka faɗaɗa ba?"

"Kullum ina cewa gobe."

Ya ɗora ƙaramin janareto da injin yanka ƙarfe a keke, muka taho tare. A hanya ba mu yi maganar wancan lokaci ba. Ya tambaye ni yara, na tambaye shi nasa, ya yi ƙorafin tsadar ƙarfe.

Da muka iso ya ƙwanƙwasa bangon gefen ƙofa da guduma, ya saurara. Ya ce layin bulon da aka ƙara bai kama tsohon gini sosai ba, cire na gefe ɗaya ba zai yi wuya ba, kuma zai ba mu inci tara. Zai yanke firam ɗin ƙarfe, a fitar da tsohuwar kujera, a shigar da sabuwa. Bayan haka zaɓi nawa ne. Ko a mayar da bulo da ƙofa yadda suke a yau ɗin nan, kafin magariba an gama, ko a bar wurin a buɗe ya ƙera sabuwar ƙofa mai faɗi, wadda ba za ta samu ba sai mako mai zuwa.

Na ce ya ba ni minti biyar. Na zagaya bayan gida. Na tsaya wajen tankin ruwa, na dawo ta ɗaya gefen, na sake zagayawa. Matan zumunta sun yi shiru a kicin, na san saurare suke yi. Na tsaya ina duban rodin tagogi, wanda ya yi tsatsa har wani ya rabu da siminti, yaro ma zai iya girgiza shi. Shekara nawa yake haka ban gani ba? Na dawo gaba na tarar da shi zaune a kan janareto yana duban agogon wayarsa.

"Ticha, yau Juma'a ce. In za a yanka, a yanka yanzu, in ba haka ba sai na sauko daga masallaci."

"Yanka," na ce.

Ƙarar injin ta cika unguwa. Tartsatsi na zuba a kan dandamali, matata ta ja tampol ta rufe kujerarta. Da ya yanke wurare shida da firam ɗin ya kama bango, muka rungumi ƙofar ni da shi muka jingine ta a waje. Ban san tana da nauyi haka ba. Ya sa guduma a bulon hagu, suka faɗo ɗaya bayan ɗaya, kusan ba gardama. A bayansu tsohon bango ya bayyana da shuɗin fentinsa na farko, da gurbin kusoshin ƙyauren katako. Ni na shafa fentin nan da kaina, wani hutun Kirsimeti, 'yar da za a zo nema tana goye a bayan uwarta.

Na kira kafinta a waya, ya zo a kan babur. Tsohuwar kujera ta fita, ta bar ƙura da murfin biro da wani cokali da aka daɗe ana nema. Sabuwar ta shiga a kan gefenta, ba ta ko taɓa bango ba. Abin da ya hana ni sukuni kwana guda bai ɗauki minti ɗaya ba. Kafinta ya mayar mata da ƙafafu, matata ta zauna a tsakiya, ta tashi, ta sa aka matsar da ita kaɗan zuwa dama.

Mai walda yana naɗe wayar injinsa ya tambaye ni ko ya dawo da yamma a mayar da bulo. Na dubi ramin. Ta cikinsa ina ganin titi gaba ɗaya, da shagon mai kati, da duk wanda ya wuce, kuma duk wanda ya wuce yana ganina. Na ce a bari sai baƙi sun tafi. Ban ce a faɗaɗa ba, ban ce a mayar ba. Bayan masallaci ya dawo ya ɗana tsohuwar ƙofar a wurinta da walda kaɗan, ya toshe ragowar da falle ɗaya na kwano da katako biyu.

Ranar Asabar da safe muka cire kwanon, matata ta rataya labule ya rufe karyayyen gefen. Baƙi suka zo wajen sha ɗaya, da akuya da buhun gishiri. Kawun yaron, wani dogon tsoho mai sanda, ya zauna a kan kujerar shi da mutum biyu, bai nutse ba, kuma ban ga alamar ya lura sabuwa ce ba. Aka buɗe da addu'a. Mai magana a madadinsu ya yi ta kewaye-kewaye kamar yadda aka saba, ƙanena ya amsa a madadinmu, aka kira yarinya aka tambaye ta ko ta san su, ta ce ta san su. An ce mini komai ya tafi daidai. Ni rabin hankalina yana kan labulen, duk lokacin da iska ta ɗaga shi sai na juya. Har ƙanena ya taɓa ni da gwiwar hannu lokacin da ake jiran in ce wani abu. Hasken da ya ƙaru kuma ya tona wani tabon danshi a bangon da ke bayan talabijin, wanda matata ta gani kafin kowa, ta yi mini nuni da ido.

Ranar Litinin mai walda ya zo ɗaukar awo. Na riga na yi zane a takarda. Na ce a cire bulon dama ma, a koma ƙafa huɗu. Ƙofar ta zama ta ƙarfe, mai ƙyaure biyu: babba mai inci talatin, da sakata uku, da ƙarami mai inci goma sha takwas, da sakata sama da ƙasa, wanda za a buɗe idan da bukata. Ya duba zanen, ya ce zai yi wa kansa irinta in ya samu sarari.

Matata ta karɓi takardar ta juya ta.

"Wato ka mayar da ƙofarka, ka yi mata ƙanwa."

Na ce ai yanzu komai zai iya shiga. Ta ce haka ne, ta miƙa masa takardar.

Ita ce ƙofar da ke gidan har yau. Kowace safiya idan matata za ta yi shara sai ta zare sakatun ƙaramin ƙyauren, ta buɗe duka biyun, ta bar su haka ta shiga kicin. Ni kuma idan na fito zan tafi makaranta sai in tsaya daidai wurin ina gyara jaka. Wata rana in tura shi da ƙafa in sa sakatar ƙasa. Wata rana in wuce in bar shi, sai in kai bakin titi in ji ina so in koma. Ba mu taɓa yin maganar ba, ni da ita.